Yadda Ake Tsarawa da Gina Doguwar Gadar Jirgin Ƙasa Mai Tsananin Gudu

Jirgin ƙasa mai tsananin gudu, a ma'aunin da ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta duniya take amfani da shi, shi ne wanda ke cin kilomita 250 ko fiye a awa guda a kan sabon layin da aka shimfiɗa dominsa. Japan ce ta fara buɗe irin wannan layi a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka, Faransa ta biyo baya a 1981 tsakanin Paris da Lyon, a Afirka kuwa sai a 2018 Maroko ta buɗe nata tsakanin Tanja da Kenitra, inda jirgin ke kaiwa kilomita 320 a awa. Alhazan Damagaram da suka hau jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Makka da Madina sun ɗanɗana irin wannan tafiya. A Nijar babu irin wannan layi, kuma dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 na jirgi ne mai gudun da aka saba. Duk da haka ɗalibin injiniya da mai awon ƙasa da magini na wannan yanki suna da abin koya a nan, domin wannan aikin kankare ne mai tsananin ƙa'ida, kuma wanda ya fahimce shi zai ga gadar mota da idon da bai saba gani da shi ba.

Abu na farko da ya kamata mai tsara aikin ya riƙe shi ne cewa ƙarfin ɗaukar nauyi ba shi ne babbar matsalar wannan gada ba, domin jirgin fasinja bai kai jirgin kaya nauyi ba. Matsalar ita ce motsi. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana shafe mita 83 a kowace daƙiƙa, saboda haka lotsawar da direban babbar mota ba zai ma ji ta ba tana iya girgiza tarago har ƙafafunsa su rage kama ƙarfen dogo. A ƙa'idar da Sin take bi, idan ƙarfen dogon a kan shimfiɗar kankare aka ɗaure shi ba a kan tsakuwa ba, ba a yarda ginshiƙi ya nutse fiye da milimita 20 bayan kammala aiki ba, kuma bambancin nutsewa tsakanin ginshiƙai biyu maƙwabta ba zai wuce milimita 5 ba. Duk matakan da za a bayyana a ƙasa, tun daga haƙa har zuwa walda, hidima suke yi wa waɗannan ƴan milimitoci.

Ana farawa da zaɓen hanya, kuma a nan ne ake gane dalilin gina gada a wurin da babu kogi. Jirgi mai wannan gudu ba ya shan kwana kamar mota. Layin da aka tsara don gudun kilomita 350 yana bukatar lanƙwasar da ta yi daidai da gefen da'irar da ke da kilomita 7 daga tsakiyarta zuwa bakinta, hawa da gangara kuma ba su cika wuce mita 35 a cikin kilomita guda ba, ko a Faransa inda aka sassauta. Tun da layin ba zai kauce wa kwari da fadama da gari ba, to dole ya bi ta samansu. Ana iya tara ƙasa a yi tudu, amma tudu yana cin fili mai faɗi, yana tare ruwan damina, yana datse burtali, kuma yana ci gaba da nutsewa shekaru bayan an gama shi. Wannan ne ya sa fiye da kashi 80 cikin ɗari na layin Beijing zuwa Shanghai, mai tsawon kilomita 1,318, yake kan gada, ciki har da gadar Danyang zuwa Kunshan mai kusan kilomita 165, wadda aka buɗe a 2011. A Maroko gadar El Hachef ta kai kilomita 3.5.

Da zarar an ja layi a taswira, sai a sauka ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a kashe lokaci da kuɗi ba tare da ƙyashi ba. A ɗauka, alal misali, ana son layin ya tashi daga Zinder ya yi kudu ta wajen Magarya. Cikin tafiyar da ba ta da nisa zai haɗu da ƙasa iri uku. Garin kansa yana zaune ne a kan dutse mai tauri, wanda kowa ke ganin ƙullutunsa a unguwar Birni, kuma shi ne ya sa ruwan ƙasa yake wahalar samu a garin. Gaba kaɗan sai jigawa mai rairayi, sannan kwarurukan Korama inda ruwa yake kusa da sama kuma ƙasar take da laushi. Kowace daga cikinsu tana bukatar harsashi dabam, saboda haka ƙa'ida ita ce a yi haƙan gwaji a gurbin kowane ginshiƙi, a ciro ƙasa da dutse a jera su a akwatuna bisa zurfinsu, a kai ɗakin gwaji, a kuma auna zurfin ruwa a rani da damina. Wanda ya haƙa rami ɗaya ya ce ya wadatar wa ginshiƙai biyar ya yi caca ne da dukiyar jama'a.

Akwai tarko guda da ƙasar Damagaram take ɗanawa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Irin ƙullutun dutsen da ake gani a sarari akwai su binne a cikin ƙasa, kewaye da ruɓaɓɓen dutsen da ya koma tsakuwa da yumɓu. Injin haƙa yana iya cin karo da ɗaya daga cikinsu a zurfin mita shida, mai haƙa ya rubuta cewa ya isa uwar dutse, alhali kuwa a kan dunƙule guda ya tsaya, wanda ƙasa mai laushi take ƙarƙashinsa. Ginshiƙin da aka ɗora a kan irin wannan dunƙule zai tsaya lafiya shekara ɗaya ko biyu, sannan ya fara karkata. Maganin shi ne a ci gaba da huda dutsen mitoci da dama bayan an same shi, har a tabbatar ba a fita ta ɗaya gefen ba. Haka kuma a gwada ruwan ƙasar a ɗakin gwaji, domin a kwarurukan da ake samun kanwa da gishiri, sinadaran da ke cikin ruwan suna cin kankare suna sa rodi tsatsa, kuma sai an san yawansu kafin a zaɓi irin simintin da za a yi aiki da shi.

Lissafin ambaliya ma a wannan mataki ake yin sa. Ƙoramar da ta bushe wata tara tana iya cika ta tumbatsa cikin awa guda a watan Agusta, kuma ruwa mai gudu yana ƙwaƙule ƙasar da ke gindin ginshiƙi. Injiniyoyi sukan yi tsari bisa ambaliyar da ake sa ran aukuwarta sau ɗaya a shekara ɗari. Inda rubutattun bayanan ruwan sama suka yi ƙaranci, a zauna da dattawan ƙauyukan da ke bakin ƙoramar, domin sukan nuna bishiyar da ruwa ya taɓa kaiwa reshenta da shekarar da aka yi hakan, sai mai awo ya ɗora na'urarsa a wurin ya mai da maganar lamba.

Batun fili ba ya jiran a gama zane. Gonaki da lambuna da burtali da maƙabartu duk suna kan hanya, kuma a Nijar akwai kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tare da sarakuna da hakimai da masu gari, waɗanda suka san wane ne ke da wace gona da wanda yake aro. A ƙidaya, a biya diyya kafin injin farko ya shiga, a kuma bar tsayin da babbar mota mai lodi da raƙumi da kayansa za su wuce ta ƙarƙashi a duk inda hanya ta gitta.

Daga nan sai zanen gadar kanta. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne a jera ginshiƙai a tazara iri ɗaya, a ɗora wa kowane biyu dogon akwatin kankare mai rami a ciki, wanda layi biyu za su bi ta kansa. A Sin tsawon akwatin da aka fi amfani da shi mita 32 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 12, nauyinsa kuwa yana kusantar tan 900. Ana maimaita awo ɗaya sau dubbai ne domin mazubi ɗaya da injin ɗagawa ɗaya su yi dukan aikin, kuma ba a sauya salo sai inda dole ta sa, kamar tsallake babban kogi ko babbar hanya.

Lissafin da ya raba wannan gada da sauran gadoji shi ne na rawar jiki. Kowane akwati yana da saurin kaɗawarsa na ɗabi'a, ƙafafun jirgi kuma suna dukansa a jere bisa tazarar taragai. Idan tsawon tarago mita 25 ne kuma jirgin yana cin mita 83 a daƙiƙa, to dukan yana zuwa sau uku da ɗoriya a kowace daƙiƙa, kuma idan wannan ya yi daidai da kaɗawar akwatin, kowane duka zai ƙara wa na baya ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ɗauko bokitin ruwa a ka ya san haka, domin idan takunsa ya dace da kaɗawar ruwan sai ya fara fantsama, har sai ya sauya taku ko ya jefa ƙoƙo a ciki. An ga wannan a wasu gajerun gadoji na layin Paris zuwa Lyon, inda girgiza ta riƙa warwatsa tsakuwar da ke riƙe da layin, kuma a yau ƙa'idar Turai tana neman a yi wannan lissafi na musamman idan gudu ya haura kilomita 200 a awa. Mafita ita ce a yi akwatin da kauri da nauyi da tauri fiye da abin da nauyin jirgin kaɗai yake bukata. Mai kuɗin aikin yakan ga kamar ɓarnar siminti ce, amma nan ba wurin tsimi ba ne.

Lissafi na biyu na zafi ne, kuma a ƙasar da bazara take haura digiri 40 da rana, hunturu kuma yake sauko da sanyi mai tsanani da asuba, ba a ɗauko lambobin wata ƙasa a manna. Kankare yana miƙewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, wato akwati mai mita 32 zai ƙaru da kusan milimita 13 idan bambancin ya kai digiri 40. Ƙarfen dogon da ke kansa kuwa an haɗe shi da walda ya zama ɗaya na tsawon kilomitoci, ba shi da gaɓar da zai numfasa, don haka duk motsin da gada ta yi yana jan ƙarfen ko yana matse shi. Wannan ma yana cikin dalilan fifita gajerun akwatuna, domin idan tsawon kankaren da ke miƙewa a haɗe ya wuce kimanin mita 90, yawanci sai an sa wa layin na'urar miƙewa ta musamman, mai tsada da yawan neman gyara, wadda rairayi yake saurin cikawa.

Kafin a fara gini a warware maganar ruwa. Zinder gari ne da ake jawo masa ruwan sha daga nesa, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza, kuma aikin da zai kwaɓa dubban tan na kankare ya kuma shayar da shi ba zai ɗora nauyinsa a kan famfon jama'a ba. Kamfani ya haƙa rijiyoyinsa, nesa da layin, a gwada ruwan a tabbatar ba shi da gishiri. A wanke yashi da tsakuwa, a tankaɗe su, domin rairayin jigawa ya cika laushi, ba ya yin kankare mai ƙarfi shi kaɗai.

Harsashi a ƙasa mai laushi turaku ne na kankare. Ana huda rami mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zurfinsa yakan kai mitoci gommai, ana cika shi da ruwan laka na musamman don kada bangonsa ya rufta, sannan a zura kejin rodi. Kankaren ana zuba shi ne ta cikin bututun da ya kai gindin ramin, yana tasowa daga ƙasa yana turo lakar sama, kuma bakin bututun ba ya fita daga cikin kankaren har a gama. Idan motar kankare ta makara aka tsaya, ko aka ɗaga bututun fiye da kima, laka za ta shiga tsakani ta raba turken biyu a inda ido ba ya gani. Saboda haka ake bin turakun da na'urar da ke aika sauti cikinsu don gano rami ko tsaga, a kuma ɗora wa wasu nauyin gwaji. A kan turakun ake zuba dakalin da zai haɗe su, a kan dakalin kuma a tayar da ginshiƙi cikin mazubin ƙarfe. Inda uwar dutse take kusa, dakalin kan zauna a kanta kai tsaye. Tun a wannan lokaci ake haɗa wasu roduna da za su kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, tun da layin zai yi aiki ne da lantarki mai ƙarfin bolt 25,000, kuma abin da aka manta kafin zubi ba ya shiga bayansa.

Kowace motar kankare sai an gwada ta kafin a sauke. Ma'aikacin gwaji yana kafa wani mazurarin ƙarfe mai tsayin santimita 30 a kan faranti, ya taka kunnuwansa da ƙafa, ya cika shi hawa uku yana soka kowane hawa da sanda sau 25, ya share bakin, sannan ya zare shi sama a hankali ya auna yadda tulin ya zauna. Daga motar kuma ana cika ƴan akwatuna masu santimita 15, a rubuta musu kwanan wata, a jiƙa su, a murƙushe wasu a kwana 7 wasu a kwana 28. Kankaren akwatin gada ana son ya jure kusan kilo 500 a kan kowane murabba'in santimita. Ɗabi'ar nan ta ƙara ruwa da tiyo don kwaɓin ya yi saukin zuba, wadda aka saba gani a ginin gidaje, a nan laifi ce da ke sa a mai da mota gaba ɗaya. A bazara da dare ake zubi, a rufe tsakuwa daga rana, a sanyaya ruwan ko da ƙanƙara ne. Iskar hunturu ma ba ta da sauƙi, domin tana busar da fuskar kankare kafin ya kama, sai ya yi tsaga-tsaga. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu da leda nan take, a ci gaba da shayarwa aƙalla mako guda.

Akwatunan ba a saman ginshiƙai ake zuba su ba. Ana kafa masana'anta a gefen layin, a ɗaure rodi a kan ma'auni, a zuba kowane akwati a zubi ɗaya ba yankewa. A cikin jikinsa an bar bututu da aka zura wa igiyoyin ƙarfe, kuma idan kankaren ya yi ƙarfi sai a ja igiyoyin da jak, a ɗaure su a bakin akwatin, a cika bututun da ruwan siminti. Wannan dabara, wadda injiniyan Faransa Eugène Freyssinet ya yi wa rajista a 1928, tana matse kankaren tun kafin nauyi ya hau shi, ta yadda ba zai tsage ba idan jirgi ya taka. Sai dai matsin yana sa bayan akwatin ya riƙa ɗagowa sannu a hankali har tsawon watanni, don haka ake ajiye shi ana aunawa, ba a gaggauta shimfiɗa layi a kansa.

Ɗora akwati aiki ne na natsuwa. Wata doguwar mota mai tayoyi da yawa tana ɗauko shi, tana tafiya kamar tafiyar ƙafa a kan akwatunan da aka riga aka ɗora, har ta isa ƙarshen gadar, inda injin ɗagawa ya kafa ƙafarsa ta gaba a kan ginshiƙi na gaba. Injin yana rataye akwatin, ya zarce da shi kan gurbin, ya sauke shi kan jak huɗu, masu awo kuma suna kallon na'urorinsu har kusurwoyin huɗu su daidaita da bambancin da bai wuce milimita 2 ba, sannan a zuba siminti na musamman a ƙarƙashin matasai, wato abubuwan da ake sawa tsakaninsa da ginshiƙi don ya zauna a kansu. Waɗannan matasai huɗu ne, ɗaya a kafe yake, biyu suna zamewa ta fuska ɗaya, na huɗun yana zamewa ta kowace fuska, kuma juya ɗaya daga cikinsu a bisa kuskure yana hana akwatin miƙewa. Ba a wannan aiki idan iska ta yi ƙarfi.

Bayan an gama ɗorawa sai jira. Ana kafa alamomin awo a jikin kowane ginshiƙi, a riƙa auna su a kai a kai na tsawon watanni, kuma ba a shimfiɗa layi sai lambobin sun nuna nutsewar ta lafa. A nan ne matsin lambar masu son a yanke kyalle kafin wata rana yake yin ɓarna, kuma injiniyan da ke sa hannu shi ya kamata ya riƙe ranar. Layin kansa faɗinsa milimita 1,435 ne, ana ɗaure shi a kan tsakuwa ko a kan shimfiɗar kankare. A ƙasa mai ƙura shimfiɗar kankare ta fi dacewa, domin rairayi yana cika ƙofofin tsakuwa ya kashe laushinta, abin da ya ba masu layin Makka zuwa Madina aiki sosai. Waldar ƙarshe ana yin ta ne lokacin da zafin ƙarfen yake tsaka-tsaki tsakanin mafi zafi da mafi sanyin da zai gani a shekara, ana auna ƙarfen kansa da ma'aunin zafi, tun da a rana yakan fi iska zafi nesa. A wuraren da iska take bugowa daga gefe a gina katangar kariya, kamar yadda aka yi na ɗaruruwan kilomita a layin Lanzhou zuwa Urumqi da aka buɗe a 2014.

Gwaji yana tafiya daki-daki. Ana tsayar da jirage masu nauyi a kan gadar a auna lotsawarta, sannan jirgin gwaji ya riƙa wucewa yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, na'urori suna rubuta girgizar akwati da ta tarago, har ya haura gudun da za a yi jigila da shi da kashi 10 cikin ɗari. Dangane da kuɗi, wani nazarin Bankin Duniya na 2014 ya nuna kilomita guda na layin gudun 350 a lokacin yana cin dala miliyan 17 zuwa 21 a Sin, a Turai kuwa miliyan 25 zuwa 39, kuma wannan bai haɗa da samar da wutar da ba ta ɗaukewa ba, wadda babu jirgin da zai motsa sai da ita.

Awo ba ya ƙarewa da buɗe layi. Ma'aikata suna shiga cikin ramin akwatunan da fitila suna duba tsaga, suna share rairayin da ya taru a kan matasai da magudanan ruwa kafin damina, suna duba gindin ginshiƙan da ke cikin ƙorama bayan kowace ambaliya. Sai kuma a sa ido kan rijiyoyin burtsatse, domin a Taiwan yawan zuƙar ruwan ƙasa don noma a yankin Yunlin ya sa ƙasa ta riƙa nutsewa tare da ginshiƙan gadar, har hukuma ta rufe rijiyoyin da ke kusa da layin. A kwarin da masu lambu suke dogara da ruwan ƙasa, kamar na Korama, a shata tazarar da ba za a haƙa rijiya a cikinta ba tun ranar da ake biyan diyya, a kuma haƙa wa manoman wasu rijiyoyin a waje da ita da kuɗin aikin.